Ƙahon Ƙarfe

Ubana wanzami ne a Hinna.
Ƙaho uku, aska ɗaya, ɗan kakin zuma a bayan kunne.
Yakan kafa ƙaho a gadon bayan manomi,
ya tsotsa, ya tare da harshe, ya liƙe,
fata ta taso kamar ƙullin da ya kwana.
Na ce, Baba, me ka zuba a ciki?
Ya ce, ban zuba ba, ɗebewa na yi.

Yau shekara tara ina gadin babu
a masana'antar tumatir, gefen Dadin Kowa.
Albashina a kan haka yake:
in tabbatar babu tana nan.

Oga Yila ya fara da ƙaramin,
mai filafilai, mai kwashe iskar leda.
Ya kwance murfi, mai ya ɗiga a takalminsa.
Ya ce, duba, gangar ba a tsakiya take ba,
ta karkata gefe kamar mai sauraron gulma.
Filafilai su leƙo daga tsaga, su koma,
ɗaki ya buɗe, iska ta shigo ba sallama,
ɗaki ya matse, a fitar da ita ta baya.
Mai shi ne kakin zumarsa.
Ranar da ya yi baƙi, ranar zai fara yi maka ƙarya.

Babban kuwa ruwa yake sha.
Fanka ta wulwula ruwan har ya manne da bango,
ya zama zobe,
tsakanin haƙoranta aljihuna na kumbura suna motsewa.
Ba ya ƙyamar tururi, ba ya ƙyamar datti.
Saboda shi tukunya ke tafasa
tun zafi bai kai na shayi ba,
ja ya zauna ja, ba ƙauri.
Amma bari bazara ta kama,
ruwan da ke zoben ya ɗumama,
sai ka ji kamar an zuba masa tsakuwa a ciki.
Wannan kukan na sani ko cikin barci.

Akwai masu kama da gyaɗa mai 'ya'ya biyu,
su biyu a gida ɗaya, kowa na juyinsa,
tsakaninsu kaurin gashi, ba sa taɓa juna.
Suna da sauri, amma sai da wani a bayansu.
Oga Yila ya ce, ni da wana ke nan.
Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Na saman bene ko ƙusa ɗaya ba ta motsi a jikinsa.
Tururi ne ke kutsawa ta siririn maƙogwaro,
iska ta bi shi a guje
kamar ledar da ke bin tirela a hanyar Biu.

Abin da ya ɗauke ni shekara biyu:
babu mai ja a cikinsu.
Wuri kawai suke bayarwa,
iska ce ke turo kanta.
Kuma ko wane gwani a cikinsu
bai taɓa kwashewa duka ba.

In wuta ta ɗauke, ina kallon allura tana komawa sifiri,
aikin dare guda ya cika da iska
kafin Gidado ya tayar da janareto.

Bara na kawo Baba, numfashinsa ya gajarta,
yara sun koma kofin roba mai ɗan famfo.
Na buɗe masa bakin bututu.
Ya ɗora tafin hannu, bututu ya kama.
Ya ja, ya ƙi saki. Ya yi dariya har da tari.
Ya ce, wannan ɗan gida ne, huhunsa ya fi nawa.
Ya dubi jan da'irar da ta fito a tafinsa,
ya ce, to amma wa zai nuna masa inda ke ciwo?